Garin dutse a madadin takin fotash: yadda ta kaya a gonakin Birazil

A watan Afrilun 2022 farashin tan ɗaya na takin fotash, wato takin da ke ba shuka sinadarin fotasiyam, da aka sauke a tashoshin jiragen ruwan Birazil ya kai kusan dala 1,200. Shekara biyu kafin nan bai kai dala 300 ba. Ƙasashe uku ne, Kanada da Rasha da Belarus, ke haƙo kusan kashi biyu cikin uku na fotash ɗin da duniya ke amfani da shi, sai ga biyu daga cikinsu sun shiga rikici lokaci guda. An ƙaƙaba wa Belarus takunkumi a 2021, Lituweniya ta hana fotash ɗinta bi ta tashar Klaipeda daga farkon Fabrairun 2022, a ranar 24 ga watan kuma Rasha ta afka wa Yukiren. Ana saura kwana takwas a fara yaƙin, shugaban Birazil na lokacin, Jair Bolsonaro, yana birnin Mosko, kuma maganar taki na cikin abin da ya kai shi.

Dole hankalinsa ya tashi. Birazil ta fi kowace ƙasa noman waken suya, ita ce kan gaba a rake da kofi, ga masara ga auduga, amma kusan kashi 95 cikin 100 na fotash ɗin da gonakinta ke sha daga waje ake kawo shi, sama da tan miliyan 10 duk shekara. Mahaƙa ɗaya tak take da ita mai aiki, Taquari-Vassouras a jihar Sergipe, abin da ake fitarwa daga can kuwa bai taka kara ya karya ba. Akwai fotash kwance a ƙarƙashin ƙasa a Autazes cikin jihar Amazonas, sai dai aikin ya shafe shekaru ana ja-in-ja a kotu, saboda wurin ya taɓa ƙasar al'ummar Mura.

A cikin wannan matsi ne wata tsohuwar shawara ta samu kasuwa: a nemi dutse mai fotasiyam, a niƙa shi ya zama gari, a watsa a gona. Ba ƙasar da ta ɗauki shawarar da gaske kamar Birazil. Ta yi mata doka, ta buɗe mata rajista, manoma masu dubban hekta suka riƙa saye tirela-tirela. Abin da ya bayyana daga wannan gwaji, a ganina, shi ne garin dutse yana ciyar da shuka, amma ba kowane dutse ba, ba a kowace ƙasa ba, kuma ba daga kowace irin nisa ba. Lambar da ake bugawa a jikin buhu kuwa ba ta gaya wa manomi ko ɗaya cikin ukun.

Ƙasar da ruwa ya tatse

Tsakiyar Birazil, yankin da ake kira Cerrado, fili ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 2. Ƙasarsa ja ce mai zurfi, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Miliyoyin shekaru na zafi da ruwan sama sun narkar da ma'adinan da dutsen asali ya bari, sun tafi da kalsiyam da magniziyam da fotasiyam, aka bar yumɓu mara riƙo da tsatsar ƙarfe da alminiyam. Kafin shekarun 1970 filin kiwo kawai ake ɗaukar wurin. Garin farar ƙasa da aka zuba don kashe tsami, da takin fosfet, da irin waken suya da hukumar binciken noma ta Embrapa ta gyara ya jure zafi bayan kafa ta a 1973, su suka mai da shi abin da yake a yau.

Fotasiyam ne aka rasa yadda za a yi da shi a cikin gida. Shi ne harafin K ɗin nan da ke jikin buhun NPK. Da shi shuka ke buɗewa da rufe ƙofofin numfashin ganye, da shi take tura sukari zuwa tsaba, shi ke ƙarfafa kara. In ya yi ƙaranci, gefen tsofaffin ganye ne ke fara yin rawaya, sannan ya bushe kamar an babbaka, kara ya kwanta, tsaba ta ƙi cika. A harkar taki da ma'aunin K2O, wato haɗinsa da oksijin, ake lissafa shi, kuma kowane tan na waken suya da aka fitar daga gona yana tafiya da kimanin kilo 20. Hekta mai ba da tan uku da ɗoriya ke nan tana asarar kilo 60 zuwa 70 duk kaka, ko an mayar mata ko ba a mayar ba.

Takin da ake mayarwa da shi gishiri ne, fotasiyam kulorayid, mai kashi 60 na K2O. Da ya ji danshi ya narke. Wannan narkewar ita ce amfaninsa, ita ce kuma matsalarsa. A ƙasa mai yashi irin ta yammacin jihar Bahia, inda ruwan shekara ke sauka tsakanin Oktoba da Afrilu, wani kaso yakan zurare ƙasa ya wuce inda saiwa ke kaiwa, shi ya sa manoma ke raba shi kashi biyu. In aka zuba da yawa kusa da iri yakan ƙona tsiro. Kusan rabin nauyinsa kuma kulorayid ne, wanda taba da dankalin turawa ba sa so.

Wannan ita ce hujjar da Othon Leonardos, masanin duwatsu a Jami'ar Brasília, ya riƙa kafawa tun shekarun 1970 da 1980 tare da abokan aikinsa na Kanada, William Fyfe da Barbara Kronberg. Sun ce takin da ke narkewa nan take an tsara shi ne don ƙasar Turai da Arewacin Amurka, ƙasa sabuwa mai yumɓun da ke kama abinci ya riƙe. Ƙasar da ta tsufa a wurare masu zafi, abin da ta rasa shi ne ma'adinan kansu, don haka a mayar mata da su. Ba su ne farau ba. Tun a shekarun 1950 Djalma Guimarães ya yi rubutu kan amfani da duwatsun tsaunin Poços de Caldas a gona. Kowane manomin kofi a Paraná da São Paulo kuma ya san ƙasar da ta fi albarka ita ce wadda ta samu daga ruɓewar baƙin dutsen aman wuta, wato basalt.

An yi babban taron ƙasa na farko kan lamarin a Brasília a 2009, daidai lokacin da farashin fotash ya yi wani tashin gwauron zabi. A Disambar 2013 aka sa hannu kan doka mai lamba 12.890, wadda ta shigar da garin dutse cikin jerin kayan noma da gwamnati ta sani. Ƙa'idojin aiki suka biyo baya a Maris ɗin 2016 daga ma'aikatar noma. Kafin a yi wa gari rajista, sai kalsiyam da magniziyam da fotasiyam ɗinsa a haɗe sun kai kashi 9 cikin 100, K2O kaɗai bai gaza kashi 1 ba, kuwaz, ma'adinin yashi wanda ba ya ciyar da shuka, bai wuce kashi 25 ba, an kuma sa iyaka ga guba huɗu: asenik, kadmiyam, makuri da dalma. Sai kuma an gwada shi a kan shuka a wata cibiyar bincike da aka amince da ita.

Dokar ta yi rawar gani, domin ta raba garin da aka auna da tarin ƙurar da masu fasa dutsen gini ke neman inda za su zubar. Amma kashi 1 ƙofa ce mai faɗi sosai, kuma adadin da ake aunawa jimillar abin da ke cikin dutsen ne, ba abin da zai saki ba.

Wane dutse?

Duniya ba ta ƙarancin fotasiyam. Kashi biyu zuwa uku cikin 100 na duwatsun da ake takawa shi ne. Abin dubawa shi ne ma'adinin da yake zaune a ciki, da irin riƙon da ma'adinin ya yi masa.

Mafi yawansa yana cikin felsfa, ma'adinin nan mai launin ja-ja ko fari-fari da ake gani a jikin dutsen giranit. Tsantsarta kan kai kashi 16 na K2O, fiye da duk garin da ake sayarwa. Sai dai ƙwayoyin silikon da alminiyam da oksijin sun sarƙe da juna ta kowace fuska, fotasiyam yana tsakiya a kulle, ba ya fita sai ginin ya rushe sannu a hankali daga waje zuwa ciki. Shi ya sa ake tsintar ƙwayar felsfa a yashin rafi tana nan daram bayan dubban shekaru a cikin ruwa.

Maika daban take. Ita ce ɓarɓashin nan mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle in an sa masa farce. Gininta kamar shafukan littafi ne, fotasiyam yana tsakanin shafi da shafi, shi ke manne su. Idan saiwa ta zuƙe fotasiyam ɗin da ke cikin danshin da ke kewaye da ita har ya yi ƙasa sosai, sai na bakin fallayen ya fara zamewa ya fito. Kalsiyam da magniziyam, da ruwan da suke ɗauke da shi, su shiga gurbinsa, tazarar fallayen ta buɗe daga nanomita 1 zuwa 1.4, hanya ta ƙara samuwa zuwa ciki. Wani masanin ƙasa Bafaranshe, Philippe Hinsinger, ya nuna haka a farkon shekarun 1990. Ya bar saiwar ciyawa ta kwanta a kan garin maikar da ake kira filogofayit, cikin 'yan kwanaki ɓangaren da ke manne da saiwar ya fara rikiɗa zuwa wani ma'adini, bamikulayit. Wannan ya burge ni ta fuska biyu. Shukar ce da kanta ke jawo abincin a lokacin da take bukata, ba ruwan sama ke yanke hukunci ba. Abin da ya rage bayan fotasiyam ya fita kuma yumɓu ne mai riƙon abinci sosai, daidai abin da jar ƙasar Cerrado ta rasa.

Ko a cikin dangin maikar akwai bambanci. Baƙar maika, bayotayit, da 'yar uwarta filogofayit suna da sakin hannu. Farar maika, maskobayit, riƙonta bai gaza na felsfa ba. Sai kuma nefelin, ma'adinin da ake samu a wasu duwatsun aman wuta marasa kuwaz. Fotasiyam ɗinsa bai kai rabin na felsfa ba, amma saurin narkewarsa ya ninka nata nesa ba kusa ba. David Manning na Jami'ar Newcastle a Ingila ya tattara binciken da aka yi kan wannan a 2010, ya nuna cewa saurin narkewa ya fi jimillar adadi muhimmanci, kuma inda duwatsun nan suka fi dacewa shi ne tsohuwar ƙasa mai tsami a wurare masu zafi, wadda ba ta da nata ma'adinan.

Gwajin gona a wasu ƙasashe ya zo daidai da haka. A Norway, a ƙarshen shekarun 1990, an gwada duwatsu daban-daban a kan ciyawar dabbobi: masu bayotayit da nefelin sun ba da fotasiyam da za a iya gani a amfanin, felsfa kuwa kusan ba ta ba da komai ba. A Yammacin Ostireliya an zuba garin giranit a ƙasa mai yashi, alkama ba ta nuna ta ji ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun sunansu garin dutse. Wanda ya ɗauki ɗaya ya ce magana ta ƙare, ko ta yabo ko ta suka, bai duba abin da aka niƙa ba.

A Birazil duwatsu biyu ne suka fi suna a matsayin madadin fotash, dukansu a jihar Minas Gerais. Na farko shi ne fonolayit, wani dutsen aman wuta na tsaunin Poços de Caldas, mai kimanin kashi 8 na K2O, haɗin felsfa da nefelin, wanda ake sayarwa da sunan Ekosil. Yana tsakiyar yankin noman kofi, kuma masu bincike a jami'ar UNESP da ke Botucatu sun buga sakamakon gwaji a gonar kofi inda amfanin da ya bayar ya yi kusa da na gishirin fotash. Abin lura game da shi shi ne nefelin yana da sodiyam da yawa. Inda ruwan sama ya wadata sodiyam ɗin zai wanke, amma a busasshiyar ƙasa ko gonar ban-ruwa abin a sa ido ne. Na biyun shi ne wani koren dutse mai laushi da mutanen wurin ke kira verdete, a kewayen São Gotardo, mai kimanin kashi 10 na K2O a cikin ma'adinin gulokonayit, ɗan dangin maika. Kamfanin Verde AgriTech ke niƙa shi da sunan K Forte. Da farko kamfanin ya yi niyyar gasa dutsen da farar ƙasa don ya saki fotasiyam da sauri, daga baya ya koma niƙa zalla. Gwaje-gwajen ɗakin bincike da dama sun nuna ɗanyen verdete ba ya saki da yawa cikin ɗan lokaci, kamfanin kuma yana kafa hujja da nasa gwajin gona. Ga kuma basalt, wanda ya fi kowanne yawa a kudancin ƙasar, amma fotasiyam ɗinsa bai wuce kashi 1 ko sama kaɗan ba. Dutse ne mai kyau wajen kalsiyam da magniziyam da silikon. Kiransa takin fotash kuwa zalunci ne ga mai saye.

Gwajin da ke ruɗar mai gaskiya

Ita kanta Embrapa bakinta bai zo ɗaya ba. Ɗaya daga cikin manyan masu goyon bayan garin dutse, Éder Martins, ma'aikacinta ne a reshen Cerrado. Amma 'yan shekaru bayan dokar ta fara aiki hukumar ta fitar da sanarwa cewa ba a tara isasshiyar hujjar kimiyya da za ta sa a ba manoma shawarar dogaro da waɗannan duwatsu a matsayin tushen abincin shuka ba, musamman fotasiyam. A gefe guda kuma ga manyan manoma, irin waɗanda suka haɗu a ƙungiyar GAAS, suna cewa sun rage gishirin fotash ko sun daina shi gaba ɗaya, kuma amfaninsu bai ragu ba.

Ban ɗauki manoman nan maƙaryata ba. Abin da suka gani sun gani. Amma gonar da ta shekara ashirin ko talatin tana shan fotash duk damina a Goiás ko Mato Grosso ba ita ce ƙasar Cerrado ta 1975 ba, ta riga ta tara ajiya. Ga kuma ciyawar brachiaria da ake shukawa bayan girbi don rufe ƙasa. Saiwarta tana nitsawa can ƙasa ta ɗebo fotasiyam ɗin da ya zurare a shekarun baya, ta kai shi ganye. Shi kuwa fotasiyam ba ya shiga ginin jikin shuka, a cikin ruwan jikinta yake yawo, don haka ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar ciyawar sai ya wanko shi ya dawo da shi saman ƙasa, daidai inda sabon tsiro yake. A irin wannan gona, manomi ya raba fili biyu, ya zuba gishirin fotash a ɗaya, garin dutse a ɗaya, ya girbe daidai wa daida shekara biyu ko uku a jere, zai rantse garin dutse ya yi aiki. Da ya ware fili na uku bai zuba masa komai ba, mai yiwuwa shi ma daidai zai ba shi. Wannan fili na ukun shi ne gwajin. In babu shi, abin da aka auna ajiyar shekarun baya ce, kuma ranar da ta ƙare ganye ne zai fara faɗa.

Akwai ruɗi na biyu. Garin dutse ba fotasiyam kaɗai yake kawowa ba. Yana ɗan rage tsami, yana ba da kalsiyam da magniziyam da silikon, rake da shinkafa kuma suna jin daɗin silikon. Amfani na iya ƙaruwa da gaske, a jingina ƙarin ga fotasiyam alhali daga wani wuri ya zo. Hatta gwajin ƙasa na iya yaudara, domin ruwan asid ɗin da ɗakunan gwaji da yawa ke jiƙa ƙasa da shi kan iya narkar da ɓarɓashin dutsen da saiwa ba ta kai ga narkarwa ba, takarda ta nuna wadata alhali shuka ba ta gani a ƙasa ba.

Masu suka su ma suna da nasu gwajin da bai yi wa dutsen adalci ba. A cika tukunya da ƙasar da aka tankaɗe, a shuka masara, a yanke bayan kwana arba'in da biyar ko sittin, a ce dutse bai kai gishiri ba. Ai dama ba zai kai ba. Abin da aka ce yana saki cikin shekaru, da taimakon saiwa da ƙananan halittun ƙasa da tsamin da suke fitarwa, ba a yanke masa hukunci cikin wata biyu. Gwajin da zai raba gardama sananne ne: ƙasar da aka tabbatar tana da ƙarancin fotasiyam, fili uku, a daidaita tsami da kalsiyam a dukansu, a yi shekara biyar ko fiye, a riƙa auna fotasiyam ɗin da ya fita cikin amfani da wanda ya rage a kowane zurfi na ƙasa. Yana da tsada, yana cin lokaci, kuma irinsa bai yi yawa ba idan aka kwatanta da yawan garin da aka riga aka sayar. Wannan ne ya fi damuna a lamarin gaba ɗaya, domin manomi ne ke ɗaukar kasadar da ya kamata a ce cibiyar bincike ta riga ta ɗauka.

Lissafin tirela

A ce ma dutsen ya saki duk abin da ke cikinsa. Don a mayar wa hekta ɗaya kilo 60 na K2O, gishirin fotash kilo 100 ya isa. Verdete mai kashi 10 sai kilo 600. Fonolayit mai kashi 8 sai kilo 750. Basalt mai kashi 1 sai tan 6. Aikin da tirela ɗaya ta gishiri za ta yi, sai tirela shida ko bakwai na dutse mai kyau.

A mayar da shi kuɗi. Lokacin da tan na gishirin fotash yake dala 1,200, kilo ɗaya na K2O dala 2 ne, don haka fotasiyam ɗin da ke cikin tan ɗaya na dutse mai kashi 10 ya kai darajar dala 200. Da wannan za a fasa dutse, a niƙa, a yi dako mai nisa, a ci riba. Da farashin ya dawo kusan dala 300 a 2024, darajar tan ɗin nan ta koma dala 50. Daga cikinta za a biya nakiya, da wutar injin niƙa, wadda ke ƙaruwa sosai gwargwadon laushin da ake so, da man tirela, da watsawa. Ƙasa ce da kusan komai a mota ake ɗaukarsa, kuma gishirin da ake shigowa da shi yana da wata gata: tirelolin da suka kai waken suya tashoshin Santos da Paranaguá ba sa son komawa wayam, sai su ɗauko taki da rangwame. Saboda haka kowace mahaƙar garin dutse tana da da'irar da take cin kasuwa a ciki, da'irar tana faɗaɗa in fotash ya yi tsada, tana tsukewa in ya sauko. Cinikin Verde AgriTech ya kai ƙololuwa a 2022, ya ragu a shekaru biyun da suka biyo baya.

Abu ɗaya da ya sauƙaƙa wa Birazil shi ne manomanta sun saba watsa garin farar ƙasa tan-tan a hekta, injinan watsawa suna nan, ba sai an sayi sabo ba. Ƙurar dai ba abin wasa ba ce. Garin da ke da kuwaz yana lalata huhun mai shaƙarsa shekara da shekaru, kuma masu niƙa da masu lodi ne a gaba. Jerin guba huɗun da ƙa'idar ta lissafa kuma bai haɗa da nikel da kuromiyam ba, alhali wasu duwatsu masu duhu suna da su da yawa.

Inda lissafin ya fi yin kyau ba a manyan gonakin da suka fi surutu ba ne. Suzi Theodoro, wadda ta yi aiki da Leonardos, ta shafe shekaru tana gwaji da ƙananan manoma a matsugunan da gwamnati ta raba wa marasa fili a Minas Gerais, da duwatsun aman wuta na Mata da Corda da ke kusa da su. Ga manomin da bai taɓa sayen gishirin fotash ba, ƙasarsa a tatse take, dutse mai bayotayit ko nefelin kuma yana 'yan kilomitoci daga gonarsa, ba da gishiri ake kwatanta garin ba, da babu ake kwatanta shi. A nan jinkirin sakinsa ba aibi ba ne sosai, tunda zuba ɗaya na iya ɗaukar damina da yawa. Haka gonakin kofi da rake da filayen ciyawar kiwo, masu saiwar da ke zaune a ƙasa shekara da shekaru, sun fi dacewa da shi fiye da waken suya mai kwana ɗari da 'yan kai, wanda ke bukatar yawancin fotasiyam ɗinsa cikin makonni kaɗan. Manoma da yawa da suka natsu sun tsaya ne a tsakiya: garin dutse a matsayin shimfiɗa, gishirin fotash kaɗan a lokacin da shuka ta fi yunwa.

A Maris ɗin 2022 gwamnati ta ƙaddamar da tsarin taki na ƙasa, da burin rage dogaro da takin waje daga kusan kashi 85 zuwa kimanin kashi 45 nan da 2050, kuma garin dutse na cikin hanyoyin da aka lissafa. Wani kuɗin kuma ya fara shigowa ta wata ƙofa: kamfanonin da ke biyan a watsa basalt a gona saboda narkewarsa na kama iskar kabon. Wannan na iya ɗauke wa manomi kuɗin dako, amma ba ya ƙara wa basalt fotasiyam ko ƙwaya ɗaya.

Sauran fatan yana kan felsfa, tunda ita ce mai yawa kuma Birazil na da tsaunukanta. A jami'ar MIT ta Amurka, ƙungiyar Antoine Allanore ta dafa garin dutse mai felsfa daga Birazil da farar ƙasa da ruwa a cikin rufaffiyar tukunya mai matsi, a zafin da ya kai kimanin digiri 200, ginin ma'adinin ya canja, wani kaso na fotasiyam ya zama mai fita da wuri, saura kuma a hankali. Wasu suna bin hanyar gashi a tanderu, wasu suna haɗa garin da takin gargajiya da ƙananan halittu masu fitar da tsami. Duk wadda aka bi cikin biyun farko, an bar batun injin niƙa a bakin mahaƙa an koma batun masana'anta mai cin wuta da jari, kuma kayanta zai shiga kasuwa ɗaya da gishirin fotash na Saskatchewan ta Kanada mai kashi 60.